Kiwon sarauniyar tururuwa a gida: abin da ke yiwuwa da wanda ba ya yiwuwa

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa mazaunin Yelwa, cikin Bauchi. Ya ce bara da damina ya tona gidan tururuwa a bayan gidansu, ya kwaso masu fukafukai manya da ƙanana, ya zuba su cikin roba da ƙasa da ɗan sukari, da nufin su yi barbara ya samu sarauniyoyin kiwo. Ƙananan suka mutu cikin kwana uku. Biyu daga manyan suka yi ƙwai: ɗaya ta cinye nata, ɗayar kuma abin da ya fito daga nata wasu 'yan sirara ne masu fukafukai, babu ma'aikaciya ko ɗaya. Yana son ya san inda kuskuren yake, da yadda ake yi.

Malam, manyan nan biyu ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, duk da kwanakin da suka yi tare a roba ɗaya, kuma shaidar tana cikin bayaninka. A wurin tururuwa, haka ma ƙudan zuma da rina, ƙwan da maniyyi ya shiga shi ke zama mace, ko ma'aikaciya ko sarauniya. Wanda bai shiga ba namiji yake zama. Saboda haka budurwar sarauniya tana iya yin ƙwai, har ya ƙyanƙyashe, amma maza zalla za ta samu. Namijin tururuwa kuwa ba ya neman abinci, ba ya reno, ba ya gini, bai ma cika wuce 'yan kwanaki ba idan ya bar gida. 'Yan siraran da ka gani su ne, kuma ƙananan da suka fara mutuwa ma su ne.

Sarauniya fita ɗaya take yi ta barbara a duk rayuwarta. Tana tara maniyyin a wata 'yar jaka cikin cikinta, da shi take aiki har ta mutu, ko da shekara goma za ta yi. An taɓa ajiye sarauniyar wata baƙar tururuwar Turai mai suna Lasius niger a Jamus, ta yi kusan shekara 29 a hannun mai ita. To wannan fita guda ɗaya tana da sharuɗɗanta, kuma roba ba ta cika ko ɗaya. Masu fukafukan da ka tono daga ƙasa wataƙila ba su nuna ba tukuna, don sukan yi makonni a cikin gida suna tara kitse kafin ranarsu ta zo. Ranar kuma ba ta kowa ba ce sai ta yanayi: ruwa ya sauka mai yawa, ƙasa ta jiƙe, iska ta kwanta, gari ya yi ɗumi, sai gidajen iri ɗaya da ke yanki guda su saki nasu kusan a sa'a ɗaya. A yawancin nau'o'i sai sun tashi sama, sun yi tafiya, sun shiga cincirindon maza kafin abin ya motsa musu. Ƙari a kan haka, duk waɗanda ka kwaso 'yan ɗaki ɗaya ne, uwa ɗaya. Galibi ba sa kula juna, kuma inda suka kula, wani kaso na ƙwan da ya kamata ya zama ma'aikata sai ya fito maza marasa haihuwa, gidan ya durƙushe tun bai tashi ba.

Don haka abin da masu wannan kiwo suke yi a ko'ina, ba haɗa barbara ba ne. Suna barin damina ta yi wannan aikin, su kuma su tsinci sarauniyar da ta gama, ta sauko ƙasa, ta karya fukafukanta tana neman ramin da za ta shige. A nan ya kamata ka sa ƙarfinka. Zan dawo kan barbarar a ƙasa, don akwai ɗan abin da za a iya gwadawa.

A Bauchi lokacin yana farawa da manyan ruwan farko, daga wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu, ya yi ƙarfi a Yuni, wasu nau'o'in su ja har Yuli da Agusta. Ka fita da yammacin ranar da aka yi ruwa, da darenta, da kuma sassafen washegari kafin kaji da ƙadangaru su riga ka. Duba ƙarƙashin fitilun sola na kan titi, bakin shaguna, gidajen mai, gindin katanga, da duk wani daɓen siminti da ƙwaro ba ya iya ɓuya a kai. Ka riƙe tocila da 'yan kwalabe masu murfi, kowace sarauniya da tata. Kada ka ɗauke ta da yatsa. Kifa mata kwalbar, ka tura guntun kwali ta ƙasa.

Abin da ya fi ruɗa sabon shiga a daren shi ne shinge, wanda yara ke tarawa a kwano da ruwa don suya. Shinge gara ce, ba tururuwa ba, kuma kiwonta daban ne, don ita sai da sarki da sarauniya tare. Bambancin a bayyane yake idan ka haska: shinge fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, jikinsa sambal babu ƙugu, ƙahonninsa a miƙe. Tururuwa tana da siririn ƙugu kamar an ɗaure da zare, ƙahonninta a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, fukafukan gaba sun fi na baya. Akwai kuma wani dogon ƙwaro ja-ja, ya kai santimita 3, mai zuwa fitila yana bugun ƙasa yana murɗa ciki, mutane su ɗauka sun samu babbar sarauniya. Namijin kwarkwasa ne. Sarauniyar kwarkwasa ba ta da fukafukai, ba ta fita ita kaɗai. Gidansu rabewa biyu yake yi. Haka gwanon nan mai yin jeri ya je farautar gara: sarauniyarsa ba ta tashi sama. Waɗannan biyun ka cire su daga lissafi gaba ɗaya.

Sarauniyar da kake nema ta fi ma'aikatan irinta girma, doronta a cike yake saboda naman fukafukai, kuma idan ka dube ta ta gefe za ka ga 'yan tabo inda fukafukan suka karye. Wadda ta riga ta zubar da su tana yawo a ƙasa ita ce mafi tabbas. Wadda ke da su har yanzu, ɗauke ta idan ka ga dama, wasu kan zubar a kwalba bayan kwana ɗaya ko biyu, amma kada ka sa rai sosai. Namiji kuma kansa ƙarami ne, idanu manya, jiki siriri kamar rina, bar shi.

Wacce za ka fara da ita? A ganina Camponotus, manyan nan masu zuwa wa shayi da sukari. Akwai mai ruwan ɗorawa da ɗige-ɗige a ciki wadda ke fita da dare, Camponotus maculatus, akwai kuma baƙa mai ciki kamar an shafa mata zinariya wadda ke yawo da rana tsaka, Camponotus sericeus. Sarauniyarsu ta kai santimita ɗaya da rabi ko kusa da haka, ana ganin komai ba tare da madubi ba, ba su da harbi, kuma girmansu ya sa ba sa silalewa ta ƙaramar kafa. Ta biyu ita ce tururuwa ta asali, mai jan hatsi zuwa rami, wadda masana ke kira Messor. Abincinta ba ya wahala a garin da gero yake ko'ina. Cinnaka kuwa, wanda bai san na gida ba, ka bar shi sai hannunka ya faɗa, musamman idan akwai yara a gidan, don harbinsa yana tayar wa wasu mutane da kumburi mai tsanani.

Yanzu ɗakin farko. Ba roba mai ƙasa ba, kwalbar gwaji irin ta ɗakin awon jini. Mai faɗin milimita 15 ko 16 da tsawon santimita 15 ta dace da Camponotus da Messor. Shagunan da ke sayar da kayan asibiti da na ɗakin gwaji suna da ita. Ka sayi sabuwa, wadda babu komai a ciki. Masu murfi shuɗi-ja ko kore akwai sinadarin hana jini daskarewa a cikinsu, ba su dace ba. Idan ba ka samu ba, gangar sabon sirinji mai cin mililita 20 tana aiki idan ka toshe bakin allurar.

Zuba ruwan da aka tafasa ya huce har kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ko ɗan fiye. Dunƙula auduga ta yi kauri kamar santimita ɗaya da rabi, yadda sai da ɗan ƙarfi za ta shiga, ka tura ta da tsinke mai tsabta da sauri har ta taɓa ruwan ta jiƙe. Saurin yana da amfani: idan ka yi sanyin hannu iska za ta maƙale a baya, ruwan ya daina isa ga audugar. Fuskar da ke kallon sarauniya ta zama mai danshi, ba mai ɗiga ba; idan ka kwantar da kwalbar ruwa ya ziraro, zare ka sake da auduga mai yawa. Saka sarauniyar, ka bar mata fili kamar santimita 4 zuwa 5, sannan ka toshe baki da busasshiyar auduga, wadda iska ke bi ta cikinta. Kada ka sa murfin roba. Camponotus idan ta firgita tana fesa wani ruwa mai tsami, a rufaffiyar kwalba kuwa tururinsa kanta yake komawa. Rubuta rana da wurin da ka same ta a jikin salatif ka manna. Naɗe kwalbar da takarda mai kauri, ka kwantar da ita a kwali yadda ba za ta gangara ba, bakin ya ɗan fi gindin tudu kaɗan.

Shi ke nan. Babu ƙasa, babu abinci. Wannan ne wurin da mutane suka fi kasa haƙuri, suna ganin zalunci ne a rufe halitta ba ci. Sarauniyar Camponotus da ta Messor a daji ma rami suke haƙawa su toshe kansu, ba sa fitowa. Naman da ya ɗaga fukafukan nan shi jikinta ke narkarwa ya zama abinci, da shi take ciyar da tsutsotsin farko baki da baki, har da wasu ƙwai da take yi musamman don a ci. Abincin da ka jefa mata a wannan lokaci fumfuna kawai zai kawo. Inda hukuncin ya sauya shi ne idan sarauniyar siririya ce, ƙirarta kusan ɗaya da ta ma'aikaciya, doro bai cika ba. Irin wannan ba ta da guzurin da zai kai ta, sai ka buɗe bakin kwalbar cikin wata ƙaramar roba ka riƙa ajiye mata ɗan ƙwaro duk kwana biyu ko uku.

Sarauniya ɗaya a kwalba ɗaya. Biyu sukan zauna lafiya da farko, har su tara ƙwai wuri guda, amma da ma'aikata sun fito a yawancin nau'o'i sai an kashe ɗaya, sau da yawa wadda ta rage ma ta fita da rauni. Abin da ya fi shi ne ka tara biyar ko shida a kwalabe daban-daban, domin ko ka yi komai daidai wasu ba za su kai ba: wata ba ta yi barbara ba, wata tana ɗauke da cuta tun daga daji.

Zafi shi ne babban abokin gabarka a nan, fiye da duk abin da littattafan Turawa ke gargaɗi a kai. Digiri 25 zuwa 29 shi ne daidai. Da damina ɗaki mai silin yana nan kusa da haka. Amma daga Maris zuwa farkon Mayu, lokacin da Bauchi ke taɓa 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin yana iya gasa gida guda cikin yini ɗaya. Kada kwalba ta zauna a taga, ko saman firji, ko kan kabad kusa da rufi. Ƙasa ita ce wurinta, kan siminti, a ɗakin da rana ba ta bugun bangonsa da yamma, ko a gindin randa. Dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki a nan sosai: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kwalaben a ciki, a rufe da ɗanyen tsumma. A busasshen zafin bazara tana sauke digiri da yawa. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka ajiye tare da su, kada ka dogara da yadda jikinka ke ji. Idan ka ga raɓa ta taru a jikin gilashin ta ciki, alama ce zafi na hawa da sauka da yawa, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya nutsar da ƙwai, sauya wuri.

Abokin gaba na biyu maganin sauro ne. Igiyar leko, fiya-fiya, feshin gwangwani, duk abin da ke kashe sauro yana kashe tururuwa, kuma audugar bakin kwalba ba ta tare shi. Ɗakin da ake feshi ba ɗakin kiwo ba ne, ko da sau ɗaya a mako ake yi. Hannun da ya taɓa gidan sauro mai magani ma a wanke shi kafin a taɓa auduga. Na uku kiyashin gida. Suna bi ta gefen auduga su shiga, su kashe sarauniyar da ta ninka su sau ɗari, su kwashe ƙwan. Ɗora kwalin a kan bulo ko gwangwani, ka tsayar da shi cikin faranti mai ruwa da ɗigon sabulu, ka lura kada wani abu ya jingina da kwalin ya zama gada.

Dubawa sau ɗaya a mako, na minti ɗaya, da haske mara ƙarfi. Sarauniyarka da ta cinye ƙwanta, akwai yiwuwar yawan buɗewa da girgiza ne suka sa ta. Idan ta ji wurin ba amana, sai ta mayar da abin da ta kashe cikinta. Kusa da janareta ko lasifika ma haka yake sa su.

Idan komai ya tafi daidai, ƙwai zai bayyana cikin mako na farko, a dunƙule wuri ɗaya, tana lasarsa tana juya shi. Ƙwan da ka gani a warwatse ba ta kula da shi, yawanci na budurwa ne. Daga ƙwai sai tsutsa fara mai lanƙwasa, daga nan Camponotus ta saƙa wa kanta ƙunshi mai kama da ƙwayar shinkafa, wanda mutane ke kira ƙwan tururuwa alhali ba shi ba ne. Messor ba ta ƙunshi. Za ka ga farar tururuwa a naɗe tana yin duhu a hankali. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciyar farko, ka sa wa Camponotus mako 6 zuwa 9, Messor ɗan ƙasa da haka, ƙananan nau'o'i kuma kamar wata guda. Na farkon 'yan ƙanana ne ƙwarai, uku zuwa goma, don da guzurin uwa kaɗai aka raine su. Kada ka ɗauka tsumburewa suka yi.

Kwana biyu ko uku bayan sun fito sai ka fara ciyarwa. Ruwan sukari, awo ɗaya na sukari cikin awo uku na ruwa, ɗigo ɗaya wanda bai wuce ƙwayar dawa ba, a kan guntun leda ko a jiƙa 'yar auduga, ka tura bakin kwalbar. Babban ɗigo yana maƙale su su mutu a ciki. Zuma ma tana yi idan ka sirka ta da ruwa kuma ka amince da inda ta fito. Sukari na manya ne. Tsutsa nama take so, kuma gidan da ba ya samun nama ba ya ƙaruwa. Ƙafar fara, rabin gyare, 'yan gara biyu ko uku, sau biyu a mako. Ka tsoma ƙwaron a tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙu tukuna, don akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu kama da kaska da ke zuwa a jikinsa su manne wa tururuwa a kai da ƙafafu, kuma da wuya a rabu da su. Kada ka ba su kyankyason gidan da ake feshi, ko farar gonar da aka yi wa magani. Ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai yana tsayawa a madadin ƙwaro idan babu. Duk abin da ya kwana ba a cinye ba, fitar da shi. A zafinmu ruwan sukari yana tsami cikin kwana ɗaya ko biyu.

Messor kuma ƙananan ƙwayoyi: acca, riɗi, irin alayyafo, gero da aka ɗan farfasa saboda bakin na farkon bai kai ya fasa cikakke ba. A nan ma akwai tarko. Hatsin da aka adana da maganin ƙwari, da irin shuka mai jan hoda a jiki, guba ne gare su. Nemi na wanda ka san rumbunsa, ka ajiye ƙwayar a ɓangaren da yake bushe, don in ta jiƙe tsiro za ta yi ko ta ruɓe.

Audugar ruwa za ta yi rawaya da lokaci, wannan ba komai. Idan ta yi baƙi ko kore, ko ruwan ya kusa ƙarewa, haɗa sabuwar kwalba, ka gama bakinsu da salatif, ka huda 'yan ƙofofin iska da allura, ka lulluɓe sabuwar ka bar tsohuwar a haske. Da kansu za su kwashe kaya su koma, wani lokaci cikin dare ɗaya, wani lokaci sai mako biyu. Kada ka zazzage su.

Da sun kai goma sha biyar zuwa ashirin, ciyarwa a cikin kwalba ta zama fama. Sai ka kwantar da kwalbar cikin roba mai haske, kamar santimita 20 da 15, ka zare audugar baki ka bar ƙaramar kafa, robar ta zama filin kiwonsu. Yanke tsakiyar murfin ka manna lallausar raga mara magani. A shafa wa saman bangon ta ciki, faɗin yatsa biyu, hodar talk da aka dama da sifirit. Idan ya bushe ƙafarsu ba ta kama shi. Man basilin siriri yana ɗan taimakawa amma ƙura na kashe shi, da hunturu sai an riƙa sabuntawa. A haka za su iya shekara, kana ƙara kwalba idan sun cika.

Gida na sosai sai sun haura hamsin. Gaggawar mayar da gida ƙarami cikin babban wuri tana kashe su, don ɗakunan da ba su cika ba juji suke mayarwa, fumfuna ta biyo baya. Ana yin sa da farin garin filastar da ake silin da ita: ka tsara ɗakuna da laka a kan gilashi, zurfin milimita 8 zuwa 10, ka kewaye da katako, ka dama gari awo biyu da ruwa awo ɗaya ka zuba, kaurin ya kai santimita 3. Idan ya kama, ka cire lakar, ka wanke, ka bar shi mako guda ya bushe sarai. Bar rami ɗaya a gefe, wanda bai haɗu da ɗakunan ba, na zuba ruwa da sirinji, yadda kashi ɗaya cikin uku zai yi danshi sauran ya bushe. Su za su zaɓi inda za su ajiye ƙwai da inda za su ajiye ƙunshi. Siririn tiyo mai haske ya haɗa gidan da robar. Messor tana cin filasta da baki har ta huda, don haka nata gidan a zauna da shi cikin wata roba, kada ya zama shi ne bango na ƙarshe.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, za ka ga sun lafa, ƙwai ya ragu. Ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne ruwa, don busasshiyar iskar tana shanye kwalba da wuri. Za ka karanta a intanet cewa ana saka tururuwa a firji wata uku ko huɗu su yi barcin sanyi. Wannan na tururuwar Turai ne da ta arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke sauka. Ta Bauchi idan ta shiga firji gawa za ka fitar.

To, batun samar da sarauniyoyi da kanka. Gida ba ya fara fitar da masu fukafukai sai ya balaga, ma'aikata sun kai ɗaruruwa ko dubbai, abinci ya wadata har a samu rarar da za a yi wa wasu tsutsotsi ɗura su zama sarauniyoyi. Ga Camponotus wannan maganar shekaru ce, ba watanni ba. Sannan kana buƙatar gida biyu iri ɗaya waɗanda ba dangi ba, su kuma nuna a lokaci guda. Ko masana da ke da kayan aiki, a nau'o'in da suka ƙi barbara a tsare, sai da suka koma ɗura maniyyi da siririyar allura ƙarƙashin madubin ƙara girma. Waɗanda suke yaɗuwa cikin sauƙi a ɗakunan bincike irin su Harpegnathos saltator ne ta Indiya, wadda ma'aikatanta kansu ke iya barbara a cikin gida su gaji sarauniya.

Idan duk da haka kana son gwadawa, ga hanyar da ta fi kusa da hankali. Kada ka tona. Nemo gidaje biyu ko uku iri ɗaya masu nisa da juna, ka sa musu ido. Ranar tashi za ka ga ma'aikata sun faɗaɗa bakin rami suna kai da kawo, masu fukafukai suna hawa kan ciyawa. A wannan lokacin ka kama, mata daga wannan gida, maza daga wancan, maza uku ko huɗu ga kowace mace. Ka riga ka kafa keji a waje da gidan sauro wanda ba a taɓa sa wa magani ba, tsayinsa ya kai mita 2, ƙasansa jiƙaƙƙen yashi da 'yan karare a tsaye, ƙafafunsa a kare daga kiyashi. Sake su nan take, a wannan sa'ar, ba gobe ba. Da safe ka tsince duk wadda ta zubar da fukafukai, ka sa a kwalba, ka jira wata biyu: ma'aikaciya ta fito, an dace, namiji ya fito, ba a dace ba. Ka shiga da sanin cewa rashin dacewar ya fi yawa, kuma a daren da kake wannan wahala, ƙarƙashin fitilar titi akwai waɗanda suka gama da kansu.

Akwai waɗanda ke barbara a cikin gida ba tare da tashi ba, gidan ya yi sarauniyoyi da yawa ya riƙa rabewa: ɗan mitsitsin jan kiyashin nan Monomorium pharaonis, da baƙin nan mai dogayen ƙafafu da ke gudu kamar ya ruɗe, Paratrechina longicornis. Su kam za su ba ka sababbin sarauniyoyi a roba. Sai dai su ne ainihin masu addabar kicin da asibitoci, suna fita ta kafar da ido bai gani ba, kuma idan suka kama gida fitar da su aiki ne. Ban ba ka shawarar su ba, balle uwargida ta gano daga inda suka fito.

Idan kuma tunanin sayarwa waje ne a ranka, ka san cewa fitar da ƙwaro mai rai daga ƙasa sai da izinin hukuma. A Afrilun 2025 an kama wasu matasa biyu 'yan Beljiyam a Kenya da sarauniyoyi kusan 5,000 a cikin kwalabe da sirinji, akasarinsu Messor cephalotes, 'yar'uwar tururuwarmu mai jan hatsi. Kotu ta yanke musu tarar shilin miliyan ɗaya kowanne, ko zaman shekara guda.

Sarauniyarka mai haifar maza, idan tana nan da rai, ba za ta gyaru ba ko ka kawo mata namiji bana. Wadda ta riga ta zauna ta fara ƙwai lokacinta ya wuce. Ita ba ta da ma'aikatan da za su ciyar da ita, guzurinta kuma ya ƙare, saboda haka ɗigon ruwan sukari duk kwana uku da ɗan ƙwaro sau ɗaya a mako yana wuyanka muddin tana hannunka. Tana da amfani guda: ka gwada haɗa kwalba da sauya kwalba a kanta, hannunka ya saba kafin ruwan Mayu ya sauka.